Littafin Aikin Hasumiyar Tsagaggen Dutse

Asabar, 12 ga Oktoba 2024

Yau ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu ta yi zamanta na farko a bana, ni da ɗalibai goma sha huɗu, kuma mun tsai da shawara a kan abin da za mu baje wa iyaye a ƙarshen shekara. Za mu gina ƙaramin samfurin hasumiyar fitila, irin wadda ake kafawa a bakin ruwa domin ta yi wa jirage jagora da dare. Na buɗe wannan littafi ne saboda in riƙa rubuta abin da muka yi da abin da muka koya, yadda malamin da zai bi sawunmu zai san wuraren da muka yi tuntuɓe.

Wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, mu da ko teku ba mu da shi a Nijar, me ya haɗa mu da fitilar jirgin ruwa?" Tambayarsa tana kan hanya. Na amsa masa cewa darasin haske da muke zanawa a allo kowace shekara, yara su haddace su manta, yana nan a tsaye cikin wannan gini, ana iya taɓa shi da hannu. Kuma hasumiyar da na zaɓa tana bakin tafki ne, a tsakiyar ƙasa, nesa da kowane teku. Sunanta Sifilit Rok, wato Tsagaggen Dutse, tana jihar Minesota ta Amurka, a gaɓar arewa ta Tafkin Sufiriya. Faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 82,000, kusan ninki biyu na jihar Maraɗi baki ɗayanta, kuma ruwan daɗi ne. Da na rubuta wannan adadi a allo sai ajin ya yi tsit, domin tafkin da yawancinsu suka taɓa gani shi ne na Madarunfa.

Asabar, 26 ga Oktoba 2024

Mun keɓe zaman yau ga tarihi, don ban yarda a ɗauki zarto ba kafin a san dalilin ginin.

A farkon ƙarni na ashirin tafkin ya zama babbar hanyar dakon tama. Ana haƙo ta a tsaunukan Mesabi, a loda ta a tashoshin Dulut da Tu Habos, manyan jirage su kai ta masana'antun ƙarfe da ke gabas. Gaɓar arewa tana da sharri iri biyu. Duwatsunta suna ɗauke da ƙarfe, wanda yake karkatar da allurar kamfas har matuƙi ya zaci yana kan hanya alhali ya kauce. Sannan ruwan yana da zurfi har zuwa gindin dutse, saboda haka igiyar awon zurfi da matuƙa suka saba jefawa cikin duhu ba ta yi musu gargaɗi sai sun riga sun iso bakin halaka.

A ranakun 27 da 28 ga Nuwamba 1905 guguwa ta taso da dusar ƙanƙara, ta farfasa ko ta lalata jirage 29. Jirgin Mataafa ya karye a bakin mashigin Dulut, jama'a suna tsaye a gaɓa suna kallo ba su da yadda za su yi, mutum tara daga cikin ma'aikatansa suka rasu. Wani jirgin da ake ja, mai suna Madeira, ya bugi dutse daf da inda hasumiyar take a yau. Ɗaya daga cikin ma'aikatansa, Fired Benson, ya tsallaka kan dutsen da igiya, ya haura har sama cikin wannan iska, ya jefo wa ƴan uwansa ita, aka tsira in ban da mutum ɗaya. Da yawa daga jiragen da abin ya shafa na babban kamfanin ƙarfe na Amurka ne, kuma ba su da inshora, don haka masu jiragen suka matsa wa gwamnati lamba. A 1907 majalisar ƙasar ta ware dala 75,000 domin a gina hasumiya da na'urar busar hazo, aka soma aiki a 1909, aka kunna fitilar a daren 31 ga Yuli 1910.

Wata ɗaliba ta tuna mana abin da kakarta take faɗa a kan ambaliyar 1945, wadda ta cinye tsohon garin Maraɗi a cikin kwarin Gulbi har aka dawo da shi kan tudu. Na ji daɗin wannan haɗi ƙwarai, domin ta gane da kanta cewa a wurare biyun sai da ruwa ya yi ɓarna kafin hukuma ta ɗauki matakin da ya kamata.

Lahadi, 10 ga Nuwamba 2024

Ba ranar zama ba ce, amma na ga ya dace in rubuta. An rufe hasumiyar tun 1969, bayan na'urorin zamani sun wadatar da matuƙa, sai dai a kowace shekara ana kunna ta a rana mai kamar ta yau domin tunawa da jirgin Edmund Fitzgerald, wanda ya nutse a tafkin ranar 10 ga Nuwamba 1975 da mutum 29, ba wanda ya fita. Ana karanto sunayensu ɗaya bayan ɗaya ana kaɗa ƙararrawa, sannan a kunna fitilar. Na aika wa ɗalibai wannan bayani ta WhatsApp, na ce kowa ya lissafa ƙarfe nawa zai kasance a Maraɗi lokacin da rana za ta faɗi a can.

Asabar, 30 ga Nuwamba 2024

Yau muka yi gardama mafi amfani tun da muka fara. Tsawon hasumiyar mita 16 ne kawai, bai kai na hasumiyar wasu masallatan Juma'a ba, kuma ɗalibai sun ji kamar an rage musu daɗi. Sai na zana musu dutsen da take kai, wanda ya tashi sak daga ruwa har mita 40. Injiniyan da ya tsara ginin, Ralf Tinkam, bai ga dalilin kashe kuɗi a doguwar hasumiya ba tunda dutsen ya riga ya ɗauke masa wannan nauyi, kuma da haka fitilar take zaune kimanin mita 51 a saman ruwa.

Na sa su lissafa nisan da ido zai iya kaiwa daga wannan tsayi kafin gantsarewar duniya ta ɓoye abin da ke gaba. Ana ɗaukar tushen murabba'in tsayin a mita, a ninka da 3.57, amsa ta fito a kilomita. Ga mita 51 sun samu kilomita 25 da rabi. Matuƙin da ke tsaye a mita 10 bisa jirginsa yana ƙara kilomita 11 da ɗoriya. Jimilla ta kusa 37, kuma nisan da hukuma ta rubuta wa fitilar shi ne mil 22, wato kimanin kilomita 35. Yaron da ya fara fitar da amsar ya sake duba takardarsa sau biyu kafin ya yarda cewa lissafinsa na aji ya zo daidai da na mutanen da suka yi aikin shekara ɗari da sha huɗu da suka wuce.

Daga nan muka koma kan ma'auni. Sun so a yi kashi ɗaya cikin goma, amma hakan zai sa dutsen ya kai mita 4, ba ɗakin da zai ɗauke shi. Wasu suka ce a yi hasumiyar kaɗai a bar dutsen, na ƙi, saboda duk wanda ya cire dutsen ya cire rabin hikimar ginin. Mun daidaita a kan ɗaya cikin ashirin: hasumiya santimita 80, dutse mita 2, kuma za a yi dutsen gida biyu domin ya wuce ƙofa.

Asabar, 14 ga Disamba 2024

Mun kai zanenmu wurin wani dattijon kafinta a unguwar Zariya, mahaifin ɗaya daga cikin ɗalibaina. Hasumiyar mai kusurwa takwas ce, an gina ta da ƙarfe a ciki a matsayin ƙashi, aka lulluɓe da tubali mai ruwan ƙasa-ƙasa a kan harsashin kankare, a samanta kuma akwai ɗakin fitila na baƙin ƙarfe da gilashi. Mu da filawud za mu yi. Na ce masa, "Baba, kowane gefe za a yanke shi a karkace da digiri 22 da rabi." Ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗauki takarda mai kusurwa huɗu ya ninke ta daga kusurwa zuwa kusurwa, ya sake ninkewa, ya aza ta a kan katako ya ja layi da fensirin da ke maƙale a kunnensa. Muka auna da ma'aunin kusurwa, ya fito daidai. Ya ce, "Malam, haka muke yi wa rumfar mai shayi." Na sa kowane ɗalibi ya ninke tasa takardar a gabansa.

Katako da ƙusa da gam sun ci jaka goma sha ɗaya, ya ƙi karɓar kuɗin hannu. Allah Ya saka masa da alheri.

Muna cikin ɗora katakon a amalanke na ba su labarin yadda aka kai kaya wancan wuri. Ba hanyar mota ko ɗaya a lokacin, daji ne da dutse. Kowane tubali da kowane buhun siminti ta ruwa aka kawo shi, injin ɗaga kaya mai aiki da tururi ya jawo shi daga jirgi zuwa kan dutsen, kuma idan ruwa ya harzuƙa sai aiki ya tsaya. A 1916 aka shimfiɗa ɗan layin dogo mai hawa gangare daga gaɓa, hanyar mota kuwa ba ta iso ba sai 1924.

Asabar, 18 ga Janairu 2025

Mun iso zuciyar aikin, wato gilashin tattara haske. Harshen wuta yana watsa haskensa ko'ina, sama da ƙasa da baya, kuma abin da yake isa idon matuƙi ɗan kaɗan ne. Gilashi mai tudu a tsakiya yana iya haɗa hasken ya miƙar da shi waje ɗaya, amma idan ana son babba sai ya yi kauri da nauyi, ya shanye hasken da ake so ya tara, kuma zafi yana iya fasa shi. Bafaranshe Ogustan Firenel ya lura cewa lanƙwasar haske tana faruwa ne a fuskar gilashi, naman da ke ciki ba ya ƙara komai, sai ya yanka gilashin zobe-zobe, kowane zobe da nasa karkacin, ya zubar da kaurin. An fara kafa irin wannan gilashi a hasumiyar Korduwan ta Faransa a 1823, shekara huɗu kafin rasuwarsa.

Na Tsagaggen Dutse a Paris aka ƙera shi, a kamfanin Barbier, Bénard et Turenne. Ana kasa irin waɗannan gilasai daraja-daraja gwargwadon tazarar da ke tsakanin wuta da gilashi, kuma wannan na daraja ta uku ne, mai tazarar santimita 50. Fuska biyu gare shi, kamar ƙwarya biyu da aka kife wa juna da wuta a tsakiya, kuma gutattakin gilashi masu kusurwa uku da aka jera a cikin firam ɗinsa sun haura 200. Wutar ta kananzir ce da ake matsawa da iska ta zama tururi, ta ci a cikin ƙyallen raga har ya yi fari fat, irin fitilar famfo da masu tsire suke ratayawa a dā. Sai a 1940 aka sa lantarki.

Mu kuwa a ɗakin ajiya na makaranta muka samu namu. Akwai tsohuwar na'urar haska rubutu a bango wadda ta daɗe da mutuwa, muka kwance samanta muka ciro faifan roba mai zobe-zobe, wanda shi ma gilashin Firenel ne. Na biyun a kasuwa na samo shi wurin masu tsofaffin kayan lantarki, jaka biyu. Da ƙarfe goma sha ɗaya muka fita fili, wata ɗaliba ta riƙe faifan tana ɗagawa a hankali a kan kwali, da'irar rana tana tsukewa har ta koma kamar ƙwayar gero, kafin a ƙirga uku hayaƙi ya tashi. Muka auna tazarar, santimita 21. Na gargaɗe su da kakkausar murya cewa kada kowa ya kalli rana ta cikinsa, kuma faifan a jakata zai riƙa kwana. Masu tsaron hasumiya ma sukan rufe gilashinsu da labule da rana saboda wannan dalili.

Matsala ɗaya ta fito: faifan ya fi ƙarfin ɗakin fitilar samfurinmu nesa ba kusa ba. Don haka aikin ya rabu biyu, samfurin gini da ɗan ƙwan fitila a ciki, sai kuma injin haske mai aiki a kan teburinsa daban.

Asabar, 1 ga Fabrairu 2025

Hazo ya sauko sosai a makon nan, muka ce ga dama ta samu. Da izinin shugaban makaranta da na iyaye muka haɗu bayan sallar isha a filin ƙwallo. Ƙwan fitila na babur da batir muka sa a gola ɗaya, ɗalibai suka tsaya a ɗaya golar. Ƙwan shi kaɗai ja-ja ake ganinsa, kamar garwashin da toka ta rufe. Da aka tsai da faifan a gabansa a santimita 21, sai ihu ya tashi daga can, mu kuma da ke kusa muka ga sandar haske ta miƙe cikin ƙura kamar an ja ta da alli. Da na matsar da ƙwan da faɗin yatsa biyu sai sandar ta baje.

Amma da suka ja baya zuwa bayan katanga hazon ya cinye hasken. Wannan ya buɗe mana maganar ginin da ke kusa da hasumiyar, inda injuna masu matsa iska suke busa ƙaho idan hazo ko dusar ƙanƙara ta rufe tafkin, domin a irin wannan dare kunne ne yake ceton matuƙi. Za mu sa ham na babur a cikin namu.

Asabar, 22 ga Fabrairu 2025

Makonni uku muna fama da juyawa. Kowace hasumiya tana da irin ƙyaftawarta domin matuƙi ya san wadda yake gani, kuma ta Tsagaggen Dutse tana walƙawa sau ɗaya cikin daƙiƙa 10. Tunda fuska biyu ce, gilashin yana zagayowa sau ɗaya cikin daƙiƙa 20. Duk nauyinsa yana iyo ne a kan kwanon zaiba mai nauyin sama da kilo 100, wanda yake rage gogayya har mutum ya iya tura shi da hannu ɗaya. Abin da ke juya shi injin ne irin na agogon bango, da nauyi mai saukowa a hankali ta tsakiyar hasumiyar, kuma a dā mai tsaro yana hawa ya naɗe shi duk bayan awa biyu har gari ya waye.

Zaiba guba ce, ba za ta shigo makarantarmu ba. Mun yi amfani da cibiyar ƙafar keke mai boris, wani mai walda ya kafa mana ita a tsaye. Muka naɗa igiya a sandar, muka bi da ita ta kan ƙaramar ƙafa irin ta bakin rijiya, muka rataya gwangwanin tumatir cike da rairayi. A gwajin farko gwangwanin ya zubo ƙasa da gudu, faifan ɗaya ya fizge ya tsage a gefe. Laifina ne, domin na san nauyi mai faɗowa ƙara sauri yake yi, kuma ban tanadi abin da zai riƙe shi ba. Na liƙe tsagar, kuma ba ta taɓa tsakiyar faifan ba, alhamdu lillahi.

Maganin daga wani ɗalibi ya fito, wanda ba ya yawan magana a aji. Ya ce, "Mushe, a sa masa fukafukai iska ta riƙe shi." Injunan agogo da yawa da irin wannan dabara suke daidaita gudunsu. Muka yanka fukafukai huɗu daga kwali mai kauri, muka riƙa rage rairayi cokali-cokali ana duba agogon waya, har muka samu zagaye ɗaya tsakanin daƙiƙa 19 da 22. Igiya mai mita 2 tana ɗaukar mu kimanin minti goma kafin a sake naɗewa.

Asabar, 15 ga Maris 2025

Azumi ne, zaman awa ɗaya muka yi da safe. An gama dutsen da wayar kaji da takardun buhun siminti da koko, an shafa masa toka da baƙin fenti. Ƴan mata uku sun ɗauki gidaje uku na masu tsaro da ɗakin ajiyar kananzir, suna yin su da kwali. Mutum uku ne suke tsaron wurin, babba da mataimaka biyu, suna karɓa-karɓa cikin dare, kuma babban na farko, Oren Yang, ya yi aiki daga 1910 zuwa 1928. Idan ƙanƙara ta rufe hanyar jirage a tsakiyar hunturu sai a kashe fitila har bazara. Ɗaya daga cikin ƴan matan ta nemi a rubuta sunansa a ƙofar gidan da ta yi, na amince.

Asabar, 26 ga Afrilu 2025

Jiya da yamma muka kai injin hasken Madarunfa a bayan wata mota, ni da wani abokin aikina da ɗalibai shida, bayan mun gaida magabatan gari mun shaida musu abin da ya kawo mu. Ruwan ya ja baya saboda rani. Wani dattijo masunci ya yarda ya ɗauki ɗalibai biyu a kwalekwalensa, sanye da rigunan iyo da muka aro, ya nufi tsakiyar tafki bayan magariba. Muka kafa tebur a kan tudu, muka naɗe igiya, muka saki gwangwani. Daga inda nake ina ganin sandar hasken tana share saman ruwa tana wucewa ta kan itatuwan gaɓa, ɗaliban kuma suna ƙirga mini ta waya duk lokacin da ta haske su: goma, goma sha ɗaya, goma, tara.

Da suka dawo na tambayi dattijon, "Baba, yaya ka gan ta?" Ya ce, "Malam, fitilun gari duk iri ɗaya ne daga cikin ruwa, mutum ba ya sanin wace ce ta mashigarsa. Wannan kuwa da take ɗaukewa tana dawowa, ko yaro ba zai ɓata ta ba." Ya ƙara da cewa iska ta fi ƙarfi a bakin ruwa, mu lura da fukafukanmu, kuma gaskiyarsa, domin sau biyu iskar ta tsai da juyawar cak.

Asabar, 10 ga Mayu 2025

Mun yi wa injin akwatin gilashi da firam na katako domin ya kare fukafukan daga iska, wanda shi ne aikin da ɗakin fitila yake yi a kan hasumiyar gaske. Cikin akwatin zagayen ya tsaya a daƙiƙa 20 zuwa 21. Ham ɗin babur yana aiki, sai dai yana shan batir, za mu ba shi nasa daban. Saura fentin layukan tubali a fuska uku na hasumiyar, da allon bayani da Hausa da Faransanci, wanda zai kawo tarihin har zuwa 2011, shekarar da aka sa wurin cikin manyan wuraren tarihi na ƙasar Amurka. Na raba masu bayani biyu-biyu, yaron fukafukai shi zai riƙa naɗe igiya duk minti goma, kuma ranar Laraba za mu gwada shigar da dutsen ta ƙofar babban ɗaki.